Na-Gama da Hannu Mai Jan Salatif

"Da yatsun nan biyu," in ji Na-Gama, ya ɗaga manyan yatsunsa sama kamar mai nuna wa likita kumburi, "na gama wasan Ɗan Dako sau arba'in da ɗaya kafin in cika shekara goma. Ko rai ɗaya ban taɓa zubarwa ba. A je a tambaya."

Ba wanda ya taɓa zuwa tambaya, domin ba wanda abin ya dama. Kai dai ɗan'uwa, in Allah bai haɗa ka da mutumin nan ba, yi godiya, kunnenka ya auna arziki. Malamin koyar da tuƙi ne, gajere, da tumbi kamar ya haɗiye safaya, ga gashin baki da yake murzawa duk lokacin da zai sharara ƙarya, shi ya sa gashin ya kusa ƙarewa. Ɗalibi zai shiga motarsa don ya koyi ribas, ya fito bai iya ribas ba amma ya haddace tarihin gem tun daga kakanninsa. Sunan kuwa abokan aikinsa ne suka laƙa masa, saboda duk gem ɗin da aka ambata a gabansa sai ya ce na gama shi, har wanda kamfani bai gama ƙerawa ba.

A wurin Na-Gama mutanen duniya kashi biyu ne. Akwai 'yan gem na gaskiya, waɗanda suka taso da akwatin gem mai cin kaset, suka yi kanta a yatsa, sannan akwai masu shafar gilashi. A zamaninsu, in ji shi, rai uku ake ba ka, ba ajiya, ba lallashi, in wuta ta ɗauke kana mataki na tara ka koma farko ka yi kukanka kai kaɗai. Yanzu kuwa waya ce ke yi wa mutum renon jariri, ka faɗi ta ce maka sannu, ga wani ran kyauta, ga tauraro uku don ka yi ƙoƙari. Shi ya sa, in ji shi, tun da talabijin ɗin gidansu ta ƙone yana ɗan shekara goma bai sake taɓa gem ba. Zaki ba ya cin ciyawa.

Shi Ɗan Dakon nan ma ba sunansa ke nan ba. Takardar jikin kaset ɗin ce ta ɓare, yara suka raɗa masa suna. Wani ɗan mutum ne kamar ƙwayar wake a cikin jirgin ruwa, akwatuna masu launi suna faɗowa daga sama, shi kuma yana turawa yana jerawa. Uku masu launi ɗaya suka haɗu sai su ɓace, in kuwa suka taru suka kai rufi sai su danne shi. Mataki goma ne.

To, a gidan Na-Gama akwai mai shafar gilashi guda, kuma ba wadda zai iya buɗe wa baki ba ce: surukarsa. Tun da aka yi mata aikin gwiwa ta dawo wurinsu da zama. Tsohuwar ba ta da hayaniya. Ta sha shayinta, ta ɗora tabarau a ƙarshen hanci, ta kama wani wasa na jera lemo da ayaba a waya, shiru kake ji sai ɗan ƙilin-ƙilin. Tana mataki na dubu huɗu da wani abu. Da yake kunya ba za ta bar shi ya faɗa mata kai tsaye ba, sai ya riƙa yi wa firij habaici. Ya buɗe ƙofar firij ya ce wai yanzu har jera ayaba ya zama gem, Allah ya kyauta wa zamani. Tsohuwa ko ɗaga kai ba ta yi.

Ana nan sai maƙwabcin da ya ajiye kayansa a ɗan ɗakin ƙarshen baranda ya zo ya kwashe. Ɗaki ya zama fili. Matar Na-Gama tela ce, shekara bakwai tana yanka yadi a kan teburin cin abinci, kekenta a matse tsakanin gado da durowa, in ta taka sai gwiwarta ta bugi bango. Ta ce alhamdu lillahi, ta samu ɗakin ɗinki. Na-Gama ya murza gashin baki ya ce ina, ai wannan ɗakin tarihi ne, nan zai kafa akwatin gem ɗinsa, ya sa kujera guda, ya liƙa takarda a ƙofa kada masu shafar gilashi su shiga.

Kwana shida suna abu ɗaya. A na bakwai ta ajiye almakashi a hankali, irin ajiyewar da duk mai hankali ya san ya kamata ya tsorata.

"Yallabai, shekara tara ina jin labarin ɗan dakon nan, ko ƙeyarsa ban taɓa gani ba. Gani ya kori ji. Ɗauko akwatin ka gama wasan a gabanmu, ɗaki naka ne. In ka kasa, kekena ya shiga."

"Sau ɗaya kawai?"

"Sau ɗaya ya ishe ni."

"Kin yi wa kanki," in ji shi. "Fara neman inda za ki rataye tef ɗin awonki."

Mai hankali da sai ya yi shiru ya je ya gwada a ɓoye. Amma ina, baki shi ke yanka wuya. Kafin azahar ya gayyaci malaman tuƙi uku, da mai wankin motocin makarantar tuƙin, da maƙwabcin ƙasa, ya ce ranar Asabar ƙarfe huɗu kowa ya zo ya ga yadda maza ke wasa.

Akwatin yana gidan yayarsa, wadda ke aiki a kantin magani. Asali ma nata ne, ita mahaifinsu ya saya wa, kuma suna yara a durowarta yake kwana a kulle, ba a fito da shi sai tana nan. Ta hau kujera ta sauko da kwalin daga saman sif, ta kaɗe yanar gizo. Ga akwatin ya yi launin tsohon haƙori, ga kaset, ga abin dannawa guda biyu da ake ce wa hannu, kowanne da doguwar igiyarsa. Ɗaya lafiyayye, ɗaya kuwa an naɗe tsakiyar igiyarsa da jan salatif. Na-Gama ya rungume mai salatif ɗin kamar ya ga ɗan'uwan da ya ɓata. Ya ce wannan shi ne hannun zakara, da shi ya yi duk abin da ya yi, jan nan alamar girma ce.

Da Yaya ta ji zancen caca da ɗaki da 'yan kallo sai fuskarta ta canza.

"Ƙanena, zauna. Akwai maganar da ya kamata in gaya maka tun da daɗewa."

"Yaya, in kishi ne ki bari sai bayan Asabar. Na san ya daɗe yana cin ki, akwati naki, suna nawa."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauke ta lokaci ba. Ta ce shi ke nan, Allah ya kai mu, za ta biyo in ta tashi daga aiki.

Matsala ta farko, talabijin ɗin falo irin ta bango ce mai shafaffiyar ƙeya. Na-Gama ya leƙa bayanta da tocilan, ya gwada kowane rami, ba wanda ya karɓi igiyar akwatin. Ya zagi talabijin, ya zagi wanda ya ƙera ta, ya ce ita ma mai shafar gilashi ce. Ya gangara wurin mai gyaran talabijin na bakin titi, aka tono masa wata tsohuwa mai ƙusumbi daga ƙarƙashin tarkace, kyanwa ta haihu a kanta sau biyu. Mai gyara ya ce a nemo mutum biyu su kama. Na-Gama ya ce shi da ya ɗauki akwatuna dubu a jirgin ruwa? Ya sungume ta shi kaɗai. A hawa na biyu bayansa ya ce ƙas. Sauran matakalar da rarrafe ya ƙarasa, yana tura talabijin da goshi, ɗan dako na gaskiya. Matarsa ta shafa masa man zafi tana tambayarsa ko rai nawa ya rage.

Kwana biyu yana kwance, don haka ko kunna akwatin bai yi ba sai ranar Asabar. Da aka ce masa ya gwada tukuna sai ya ce mai koyo ne ke gwaji.

Ƙarfe huɗu falo ya cika. Malaman tuƙi a kan doguwar kujera, mai wankin mota a kan hannun kujerar, maƙwabci a bakin ƙofa, matar gida tsaye da tef a wuya, tsohuwa a kujerarta ta kullum da wayarta. Na-Gama ya fito da tawul a kafaɗa kamar ɗan dambe. Ya soma da lacca. Ya ce kafin a sa kaset sai an hura shi, kuma hurawar ilimi ce, sau uku gajeru sau ɗaya dogo, wanda bai gada ba ba zai iya ba. Ya kafa baki ya ja numfashi don ya yi dogon, sai ƙurar shekara ashirin da takwas, har da ƙafar wani kyankyaso da ya riga mu gidan gaskiya, ta wuce masa maƙogwaro. Ya yi tari har tawul ya faɗi. Aka ba shi ruwa. Ya sa kaset, talabijin ta nuna yayyafi. Ya cire ya hura ya mayar, ta nuna layi-layi kore. Ya mari akwatin, ta ɗauke gaba ɗaya.

Sai tsohuwa ta miƙo hannu, ya cire ya ba ta. Ta goge bakin kaset ɗin da gefen mayafinta, yadda take goge tabarau, ta miƙa masa. Yana sawa sai ga kiɗa, ƙiri-ƙiri-ƙiri, ga jirgin ruwa, ga ɗan dako tsaye.

"Hurawar ce ta kama yanzu," in ji Na-Gama. "Takan ɗauki lokaci."

Ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, ya ɗauki mai jan salatif. Sannan ya tuna wata ƙa'ida. Ya bayyana wa jama'a cewa a wannan wasan dole wani ya riƙe ɗaya hannun, don kada igiyoyi su harɗe. Da can Yaya ce ke riƙe masa, tana zaune a bayansa tana kallon ikon Allah. Ya waiwaya, ya ga dama ta samu ta rama habaicin da firij ya daɗe yana sha.

"Mama, ko za ki taimaka ki riƙe mini wannan? Riƙewa kawai. Kya ga yadda gem na gaskiya yake, ba ayaba a ciki."

"To, ɗan nan," in ji ta. Ta kife wayarta a cinya ta karɓa.

Ta jujjuya abin, ta ga maɓallai, ta danna na tsakiya don ta ji ko yana da taushi. Wasa ya tashi.

Ɗan'uwa, zo ka ga aiki. Akwatuna suna faɗowa, ɗan dako yana kai da kawowa, ja kan ja, shuɗi kan shuɗi, suna ɓacewa kamar ana share su da tsintsiya. Na-Gama yana danna maɓalli da yatsa, da tafin hannu, har da haɓa. Ya karkata dama, ya karkata hagu, ya manta da ciwon baya. Mataki na ɗaya ya wuce, na biyu, na uku. Malaman tuƙi suka gyara zama. Wanda ya fi kowa yi masa dariya a wurin aiki ya ce lallai, ashe mutumin nan wani lokaci yana faɗin gaskiya. Fuskar matar gida ta soma sauka, tana kallon ƙofar ɗan ɗakin nan kamar mai sallama da shi.

"Kun gani? Ban ma gama tunani ba yatsa ya riga ya yi," in ji Na-Gama. "Wani lokacin sai in danna hagu ya yi dama, don ya san abin da nake nufi. Wannan shi ake kira sabo."

A mataki na shida wayar tsohuwa ta yi ƙara, lokacin maganin hawan jini ya yi. Ta ajiye hannun a kan kujera, ta buɗe jaka tana laluben ƙwaya. Ɗan dako ya tsaya cak kamar an kira sunansa. Na-Gama ya danna, ya matsa, ya girgiza, ya roƙe shi da girman Allah. Akwatuna suka taru suka danne ɗan taliki. Rai ɗaya ya tafi.

Ya juyo da jajayen idanu ya ce ga abin da yake faɗa, an saki hannu igiya ta harɗe. Cikin ladabi mai haɗe da cizon haƙori ya roƙi Mama ta riƙe da kyau, aikin ba wuya. Ta haɗiye maganinta ta ce ya yi haƙuri, ta ɗauka. Nan take ɗan dako ya farfaɗo ya kama aiki.

Matar gida dai tela ce, idonta ya saba bin zare. Ta dubi yatsun mijinta, ta dubi talabijin. Ta dubi yatsun mahaifiyarta, waɗanda ke motsi a hankali kamar tana tsince shinkafa, ta sake duban talabijin. Ta toshe baki da tef ɗin awo. Ta taɓa maƙwabci ta nuna masa da ido, maƙwabci ya taɓa mai wankin mota, magana ta zagaye falo ba wanda ya furta ta.

Mataki na tara, akwatuna na zubowa kamar ruwan sama. Na-Gama ya miƙe tsaye, gumi har cikin kunne. Ya ja da baya, ya ƙara ja, ya yi wani tsalle da ihu. Igiya ta miƙe, ta rabu biyu daidai wurin jan salatif, ba ko ƙara. Rabi ya faɗi a kan kafet, rabi yana lilo a hannunsa kamar wutsiyar ɓera. Gogan bai sani ba. Ya ci gaba da dannawa yana zagaya falo, ya kai har bakin kicin ya dawo, ɗan dako kuwa yana ta aikinsa lafiya lau.

Daidai nan Yaya ta turo ƙofa da rigar aikinta. Ta ga ƙanenta yana rawa da guntuwar igiya, ta ga tsohuwa da tabarau a ƙarshen hanci, ta jingina da bango ta ce inna lillahi.

Mataki na goma ya ƙare. Jirgi ya yi ƙugi, ɗan dako ya ɗaga hula. Na-Gama ya ɗaga hannu sama.

"Arba'in da biyu. Uwargida, miƙo makullin ɗaki."

Ba wanda ya yi tafi. Mai wankin mota ya sunkuya ya ɗauko rabin igiyar da ke ƙasa, ya miƙa masa da hannu biyu kamar mai miƙa ta'aziyya. Na-Gama ya dubi wannan rabi, ya dubi wancan. Ya ce yanzun nan ta tsinke, bayan an gama. Maƙwabci ya ce a'a, tun mataki na tara. Na-Gama ya ce to ai ƙarfin dannawar da ya tara ne ya ƙarasa sauran. Malamin tuƙi guda ya karɓi igiyar ya ɓare salatif ɗin, ya nuna wa kowa: bakin wayoyin ciki sun yi tsatsa kore, an ɗaure su da zaren ɗinki, ko taɓa juna ba sa yi.

"Ɓera ne ya cinye ta, sati biyu da sayen akwatin," in ji Yaya. "Kana ɗan shekara shida. In na hana ka wasa sai ka kwanta a ƙasa kana birgima har Baba ya fito. Shi ne na naɗe ta da salatif na ce maka ta zakaru ce."

"Sau arba'in da ɗayan fa?"

"Ni ce."

"Ranar da baƙi suka zo aka ɗaga ni sama?"

"Ni ce. Kai aka ɗaga don ka fi sauƙin ɗauka."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma Na-Gama ya gwada. Ya murza abin da ya rage na gashin baki ya ce duk wannan ƙulli ne na mata, a ba shi lafiyayyen hannun yanzu a gani. Matarsa ta ce ai adalci ke nan, a ba shi. Tsohuwa ta miƙa masa.

An danna farawa. Akwati na farko ya faɗo a kan ɗan dako, domin Na-Gama ya tura shi ƙarƙashinsa da kansa. A rai na biyu ya manne shi a lungu yana ta tura bango, har kaya suka rufe shi. A na uku ya danna wani maɓalli wasan ya tsaya, ya ɗauka ya ci, ya soma miƙewa, aka ce masa hutu ne. Ya sake dannawa, akwatuna suka ƙarasa aikinsu. Mai wankin mota da ke duba agogo ya ce daƙiƙa hamsin, har da hutun.

Kafin magariba malaman tuƙin nan uku, waɗanda aka gayyato kallon nasara, su ne suka kama keken ɗinki suka shigar da shi ɗaki. Na-Gama aka ba riƙon labule.

Akwatin gem bai koma kwali ba. Tsohuwa ta ce a bar mata shi a kusurwar ɗakin ɗinki, wasan ba laifi, sai dai ya yi gajarta, mataki goma kamar na yara, kuma ba ayaba. Yanzu kullum da la'asar keke na ƙara, ɗan dako na kiɗa, uwa da 'ya suna hira.

Ran nan Na-Gama ya dawo daga aiki ya tsaya a bakin ƙofar, hannu a aljihu, yana leƙe yana shan ƙamshi, wai zare yake nema. Ya daɗe yana neman zaren nan. Tsohuwa ta dube shi ta saman tabarau, tausayi ya kama ta.

"'Yar nan," ta ce da ɗiyarta, "ɗauko masa mai jan salatif ɗin ya zauna, kada ya yi mana birgima."